Makunni Ya Karye, Inji Bai Mutu Ba

Wannan jawabi ne da aka shirya domin ɗaliban azuzuwan manya na yankin Buji. Ana iya karanta shi a aji, ko a dandali inda jama'a suka taru.

 

Maganar yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ce. Bai kai girman ƙwan kaza ba. Amma idan ya karye, sai ya tsayar da sana'ar mutum cak. Wannan abu shi ne makunni, wato 'yar robar nan da ake kamawa a murɗa a jikin rediyo, ko fanka, ko risho, ko injin wanki.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Buji da injin wanki? Matan Ahoto da Kawaya da Falageri da hannu suke wanki, a bakin rijiya ko a gindin famfo. Gaskiya ne. Amma a tuna da 'ya'yan da suka tafi Dutse neman na kansu. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka cika ta. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a can, ɗalibai suka ƙaru. Duk waɗannan mutane suna sa tufa, tufa kuwa sai da wanki. Samari da yawa daga ƙauyuka sun kama sana'ar wanki da guga. Wasunsu sun tara kuɗi sun sayi inji. A garuruwa irin su Gantsa da Birnin Kudu ma, yanzu akan ga injin wanki cikin kayan ɗakin wasu amare. Wanda kuma ba shi da inji, ai yana da rediyo. Ciwon makunni iri ɗaya ne a ko'ina, maganinsa ma kusan ɗaya ne.

Ga labarin wani saurayi, domin a gane inda maganar ta dosa.

Shi wannan saurayi daga yankin Kukuma yake. Yana wanki da guga a wata unguwa a Dutse. Ya daɗe yana tara kuɗi. Da suka kasa, mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta ta cika masa. Ya sayi injin wanki na hannu, irin mai baho biyu, ɗaya na wanki, ɗaya na matse ruwa. Ya haɗa da ƙaramin janareto.

Ana saura kwana uku Sallah, kaya suka taru masa. Ga labule, ga zannuwan gado, ga kayan yara tsibi guda. Kowa ya ce gobe yake so. Da safe ya zuba ruwa, ya zuba sabulu, ya kama makunni ya murɗa da sauri. Sai ya ji ƙas! Makunni yana ta juyawa a hannunsa, inji kuwa shiru.

Mutane suka taru, kowa da tasa. Wannan ya ce inji ya ƙone. Wancan ya ce agogon ciki ne ya mutu, sai an aika Kano an sayo sabo. Saurayi ya tuna da akuyar uwarsa, gabansa ya faɗi.

Ya fizge makunnin ya yar. Sai ya ga ɗan tsinken ƙarfe a tsaye a wurin. Ya ɗauko filaya ya kama tsinken ya murɗa. Inji ya tashi! Ya yi murna, ya ce ashe abin banza ne. Haka ya wuni yana murɗawa da filaya.

Kashegari ruwan sabulu ya riga ya bi ta ramin makunnin ya sauka ciki. Saurayi ya zo da jiƙaƙƙen hannu, ƙafarsa ba takalmi, ƙasa duk ruwa, janareto yana aiki. Yana kama ƙarfen nan, wuta ta fizge shi ta yar gefe. Allah ya yi da sauran kwana. Ya tashi hannu na rawa, ya kashe janareto, ya zauna.

Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin layin. Shi ne ya zo ya duba.

Ya ce, "Samari, ina makunnin da ka cire?"

Saurayi ya ce, "Baba, ai ya mutu, na yar da shi."

Tsoho ya ce, "Kai manomi ne ko? In ƙotar fartanya ta tsage, jefar da fartanyar kake yi? Je ka nemo shi."

Aka tono makunni a cikin shara. Abin da tsohon nan ya yi da shi, shi ne za a bayyana yanzu. Amma sai an fara sanin yadda abin yake aiki.

Yadda agogon inji yake

A saman irin wannan inji, galibi makunni uku ne. Na farko na lokacin wanki ne. A kewayensa an rubuta lambobi, yawanci daga 0 zuwa 15. Waɗannan lambobi mintoci ne. Wanda ya murɗa zuwa 9, ya ba injin minti tara ke nan. Na biyu shi ne na zaɓen irin wanki da kuma zubar da ruwa. Na uku na matse ruwa ne, shi kuma yawanci daga 0 zuwa 5 yake.

A ƙarƙashin na farko da na uku akwai ɗan akwati. Masu gyara suna ce masa taima. A Hausance agogo ne. Irin tsohon agogon nan ne da ake ba wa wani da hannu. A cikinsa akwai siririn ƙarfe a nannaɗe. Idan an murɗa, ƙarfen ya ƙara nannaɗewa. Idan an saki, sai ya riƙa warwarewa a hankali, yana tura 'yan ƙananan haƙora. Shi ne ake jin yana cewa tik, tik, tik. Yana cikin tafiya yana haɗa wuta yana raba ta. Shi ya sa ake ganin injin ya juya dama, ya ɗan tsaya, ya juya hagu. Da agogo ya dawo sifili, sai ya yanke wuta, inji ya tsaya.

A lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, shi agogon ba da wuta yake tafiya ba. Ko an zare waya daga bango, in an murɗa shi zai yi tik, tik. Wannan zai yi amfani nan gaba. Na biyu, ko da yake ba da wuta yake tafiya ba, wuta ta cikinsa take bi. Wutar gida a Nijeriya ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Ta ƙaramin janareto ma kusan haka take. Kada wani ya ce wai wutar janareto ba ta kisa. Tana kisa.

To, makunni fa? Makunni ƙota ce kawai. A bayansa akwai ɗan wuya mai rami. Tsinken agogo yana shiga cikin ramin nan. Tsinken ba zagayayye ba ne sumul. Wani an shafe masa gefe ɗaya, ya zama kamar rabin wata. Wani an shafe masa gefe biyu. Wani kuma an soka masa 'yar ƙusa a gicciye. Ramin makunni an yi shi daidai da siffar tsinken. Wannan dacewar ita ce ke sa makunni ya kama tsinke ya juya shi. Kaurin tsinken bai wuce na fensir ba, sau da yawa ma bai kai ba.

Idan wuyan nan ya tsage, rami ya buɗe. Idan cikinsa ya cinye, rami ya zama zagayayye. Ko wanne ne ya faru, makunni zai riƙa juyawa shi kaɗai, tsinke yana tsaye. Abin da ya sami injin saurayin nan ke nan.

Me ke karya shi? Gaggawa ce ta fi yawa. Mutum ya murɗa ya kai ƙarshe, amma bai tsaya ba, ya ƙara ƙarfi. Sai kuma rana. Masu wanki da yawa a waje suke ajiye inji. Ranar bazara tana gasa roba har ta bushe. Kowa ya ga yadda bokitin roba da aka bari a tsakar gida yake fari, daga baya ya riƙa ɓarewa kamar ƙwarya. Haka makunni yake yi. Ga tsatsa, ga wasan yara.

Kafin a taɓa komai

A zare wayar inji daga bango. Ba kashe soket kawai ba, a zare ta gaba ɗaya, a ajiye kanta inda ido ke gani. In da janareto ake aiki, a kashe shi. A goge hannu ya bushe. A goge saman inji. A sa takalmin roba, a tsaya a busasshen wuri. Wanda ya ga wannan duk ɓata lokaci ne, ya tuna da saurayin Kukuma.

Daga nan a cire makunni. Yawancinsu tura su kawai aka yi, babu noti. A ja shi sama sak, ba a karkace ba. In ya ƙi, a sami tsumma ko siririyar igiya, a zura ta ƙarƙashinsa ta kewaye shi, a kama bakin biyu a ja sama. Wasu kan sa cokula biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, su ɗaga tare. Kada a sa wuƙa ta gefe ɗaya a banƙare. Yin haka yana lanƙwasa tsinke, ƙaramin ciwo ya zama babba. A fara dubawa ma, ko akwai ɗan noti a gefen makunnin. In akwai, a kwance shi tukuna.

Yanzu sai gwaji. A naɗa tsumma a kan tsinke don kada haƙoran filaya su tauna shi. A kama da filaya, a murɗa a hankali wajen dama, kamar yadda hannun agogo ke tafiya. A saki. A kasa kunne. In an ji tik, tik, kuma tsinke yana komawa da kansa har ya tsaya, to agogo lafiyarsa ƙalau. Makunni ne kaɗai ya karye. Wannan gwaji na minti biyu ya isa ya hana mutum sayen abin da ba ya bukata.

In kuwa tsinke ya ƙi motsi, ko yana juyawa sakaka ba ƙara, ko ya koma da gudu fir, to ciwon a cikin agogo yake. Wannan ba na gida ba ne. Za a zo kansa.

Ɗinkin wuyan da ya tsage

Nan ne aikin yake, saboda haka a saurara da kyau.

A juya makunni a dubi wuyansa a cikin haske. In tsaga ce, a wanke shi da ruwa, a fitar da sabulu da maiƙo, a bar shi ya bushe sarai. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, ba ya kama mai maiƙo. A ɗan kankare bayan wuyan da reza ko samfefa, ya yi kaushi.

Mutane da yawa a nan suke kuskure. Sai su ɗiga gam a tsagar, su matse, su mayar. Kwana biyu ya sake buɗewa. Dalili kuwa, duk lokacin da aka murɗa, tsinke yana tura bangon ramin waje. Gam shi kaɗai ba zai iya riƙe wannan turi ba. Wuyan yana bukatar ɗamara.

A tuna da gyartai. Idan ƙwarya ta fashe, ba liƙe ta kawai yake yi ba. Ɗinke ta yake yi, ya ja bakin tsagar su haɗu. Maƙeri ma, in ƙota ta fara tsagewa, ƙarfe yake naɗa mata ko fata. Haka tsohon nan mai gyaran rediyo ya yi. Ya ɗauko guntun wayar lantarki, ya feɗe robar, ya zaro siraran wayoyin jan ƙarfe na ciki. Ya matse wuyan har tsagar ta rufe. Ya naɗa wayar a kewayen wuyan, zagaye bayan zagaye, a matse, kamar yadda ake naɗa zare a mazari. Da ya gama ya murɗe bakin biyu da filaya, ya kwantar da su. Sannan ne ya shafa gam a kan wayar, ya rufe ta.

Wanda bai sami waya ba, ya yi da zare mai ƙarfi, irin na masu ɗinkin takalmi ko na ɗinkin buhu. Sai dai a kula, ɗamarar kada ta yi kauri har makunni ya kasa komawa mazauninsa. A gwada kafin a sa gam.

Gam iri biyu ne ake samu a shagunan Dutse da kasuwanni irin su Shuwarin. Akwai mai ruwa-ruwa a cikin ɗan ƙaramin bututu, wanda ake ce wa sufa gulu. Wani masani ɗan Amurka mai suna Harry Coover ne ya gano shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Yana kamawa nan take, amma in ya bushe ƙwas yake, ba ya son bugu, kuma ba ya cike rami. Akwai kuma mai bututu biyu, irin su Araldite da 'yan uwansa. Shi wannan sai an haɗa. A matso daga wannan bututu, a matso daidai wannan adadi daga ɗayan, a gauraya da tsinken ashana a kan guntun kwali har launinsu ya zama ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya yawa, ko ba a gauraya sosai ba, ba zai bushe da kyau ba, sai ya zauna kamar ƙaro. Domin aikin makunni, mai bututu biyu ya fi. Yana cike gurbi, yana jure ruwa.

Wani irinsa yana daskarewa cikin 'yan mintoci. Kada wannan ya ruɗi mutum. Daskarewa daban, yin ƙarfi daban. A bar shi ya kwana. In son samu ne, ya yi kwana ɗaya cur. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga gargaɗi game da sufa gulu, tun da shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Kada a ɗiga shi a kan auduga ko tsumman auduga a riƙe a hannu, domin yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata. In ya liƙe yatsu, kada a fizge. A jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ko a shafa man gyaɗa, a riƙa murzawa a hankali. In ya faɗa ido, kada a buɗe idon da ƙarfi. A wanke da ruwa mai tsabta, a tafi asibiti. A kuma ɓoye shi daga yara. Ɗan bututun yana kama da na maganin ido.

In ramin ne ya cinye

Wani lokaci babu tsaga, cikin ramin ne ya goge ya zama zagayayye. In cinyewar kaɗan ce, a yanko siririn falle daga jikin gwangwanin lemo, a sa shi a gefen da ya kamata ya zama a shafe, a tura makunni a kai. Yakan kama. A kula da bakin gwangwani, yana yanka.

In cinyewar ta yi yawa, sai a sake wa ramin siffa da gam mai bututu biyu. Tsinken da kansa shi ne zai zama ma'auni. Ga yadda ake yi. A shafa wa tsinke basilin ko man shafawa, ko'ina da ko'ina, don kada gam ya kama shi. A huda guntun leda ko kwali a zura a gindin tsinke, ya tare duk abin da zai zubo. A tabbata agogo yana sifili, wato ya gama tik, tik ɗinsa ya tsaya. A zuba gam a ramin makunni, kada a cika shi fal, rabi ya isa. A jira ya fara kauri. Sai a tura makunni a kan tsinke, alamar da ke jikinsa tana kallon lambar 0.

Wannan batu na sifili ba ƙarami ba ne. In alama ta karkace, mutum zai ba inji minti 6, shi kuwa yana yin 9. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai janareto ya san kowane minti kuɗi ne.

Idan gam ya daskare amma bai gama ƙarfi ba, a ja makunni sama a hankali a cire shi. Za a ga rami ya fito da siffar tsinke daidai. A ajiye shi ya kwana a gefe. A goge tsinke, a cire ledar.

Abin da ba a yi har abada shi ne ɗiga sufa gulu a kan tsinke a liƙa makunni. Gam ɗin ruwa ne. Zai bi tsinke ya gangara cikin agogo, ya liƙe haƙoran. An zo gyaran makunni, an kashe agogo. Shi ne Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido. Ko bai gangara ba ma, ran da agogo ya lalace, mai gyara ba zai iya buɗe inji ba sai ya fasa.

In makunnin ya ɓata ko ya farfashe

Sai a yi sabo. Marfin robar lemo mai faɗi yana yi. A cika shi da gam mai bututu biyu, a bi hanyar da aka faɗa yanzu. Gam ba ya kama irin robar marfi sosai, amma zanen da ke cikin marfin yana riƙe shi. In an huda 'yan ramuka biyu a gefe da ƙusa mai zafi, gam ya shiga ciki, riƙon ya ƙaru. A ƙarshe a ja layi a samansa, ya zama alama.

Mai hannu kuma yana iya sassaƙa na itace. Itace mai tauri irin kirya ya fi. A huda rami ɗan ƙasa da kaurin tsinke, a gyara shi da bakin wuƙa har ya shiga a matse. A shafe shi da fenti, domin jiƙaƙƙen itace yana kumbura, kuma wuta tana iya bi ta cikinsa. Na ƙarfe kam a bar shi. Wasu kan kai wa mai walda ya liƙa musu noti ko guntun rodi a kan tsinke. Zafin walda yana narka cikin agogo. Ko bai narka ba, an mayar da hannu kan ƙarfe tsirara, a wurin da ruwa da wuta suke maƙwabtaka. Gidaje da shaguna da yawa kuwa ba su da wayar nan ta uku da ke kai wuta ƙasa in an sami matsala.

Kafin a wahala ma, a leƙa wurin masu gyara. Sukan tara matattun injuna, su cire kayansu. Makunnin wani inji yakan shiga wani. Mai zuwa nema ya tafi da tsohon makunnin a aljihu. In babu, ya dangwala kan tsinke a jikin sabulu ko ɗanyen yumɓu, siffar ta fito, ya tafi da ita. Wanda ya iya rubutu ya kwafi suna da lambar da ke jikin inji a takarda. Da wannan takarda ana iya ba direba saƙo zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano, ba sai mutum ya biya kuɗin mota da kansa ba.

Makunnin tsakiya, na zubar da ruwa, yana da nasa hali. Shi ba agogo yake juyawa ba. Wata 'yar igiya yake ja, ita kuma ta ɗaga murfin da ke toshe ruwa a ƙasa. In zare da yashi da maɓallan riga sun cushe a wurin, sai ya yi tauri. Mutum ya ƙara ƙarfi, makunni ya karye. In ba a share cushewar ba, sabon ma karyewa zai yi.

Rediyo, fanka da risho

A rediyo, tsinken yakan zo da zane-zane a jikinsa, da tsaga a tsakiya. In makunni ya yi sako-sako, a sa bakin sukundireba a tsagar, a ɗan buɗa ta kaɗan. Kaɗan fa, domin in an matsa, ɓari ɗaya zai ɓalle. Makunnin neman tasha kuma, a tsofaffin rediyo, zare yake ja. In yana juyawa allura ba ta tafiya, wataƙila zaren ne ya tsinke, ba makunni ba. Fanka mai agogo kuwa, aikinta ɗaya da na injin wanki.

Risho da murhun gas su ne ba a yi musu wannan dabara. Zafi yana lalata gam, yana narka marfin lemo. Kuma makunnin gas da ya karkace yana iya nuna a rufe, alhali gas yana fita. A rufe tukunyar gas daga kanta, a nemo makunninsa na ainihi.

Inda hannun gida yake tsayawa

Idan gwaji ya nuna agogo ne ya mutu, a kai wa mai gyara. Haka in an ji warin ƙuna, ko an ga baƙi a gindin tsinke, ko inji yana ɗan jan hannu in an taɓa ruwa. Kada a kwance bayan inji don a gani. A ciki akwai wani abu kamar ƙaramin gwangwani, masu gyara suna ce masa kwandensa. Yana iya riƙe wuta ko bayan an zare waya. Wayoyin agogo kuma suna da yawa, kowace da launinta da mazauninta. In aka sauya biyu, ana iya ƙona inji. Kada a yarda kuma wani ya haɗa wayoyin kai tsaye ya tsallake agogo. Inji zai riƙa juyawa gefe ɗaya ba hutu, tufa ta nannaɗe, inji ya yi zafi. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe janareto ko a zare waya. In ba hali, a ture shi da busasshen itace. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba, domin wuta tana taɓa bugun zuciya.

Shi saurayin Kukuma, tsoho bai bar shi ya kunna inji a ranar ba. Ya sa aka jingine shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ruwan da ya shiga ya bushe. Filaya ta riga ta tauna kan tsinke, sai da aka goge shi da magagari. Ranar nan da hannu ya yi wanki, shi da ƙanensa, har dare. Washegari da safe gam ya yi ƙarfi. Tsoho ya buɗe inji ya duba wayoyin da kansa, ya naɗe wadda ta goge. Ya tura makunni, alama a kan sifili, ya ce, "Samari, murɗa. Da yatsa biyu, ba da damtse ba."

Saurayi ya murɗa zuwa 12. Inji ya tashi. Ya ce, "Baba, nawa ne?"

Tsoho ya ce, "Kuɗin gam kawai. Sai kuma ka wanke mini rigar Sallah. Ka nemi buhu ka riƙa rufe injin nan daga rana."

Labulen mutum biyu ne kaɗai ba su samu ba sai bayan Sallah.